Tsofaffin Taswirori a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali Daga Boɗinga da Shagari

Jihar Sakkwato ba ta da gandun daji na ƙasa irin na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979. Abin da ke jawo baƙi zuwa wannan yanki shi ne tarihi, musamman Sifawa ta ƙasar Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da kuma Shagari, inda aka binne Alhaji Shehu Shagari a 2018. Wannan takarda tana ganin cewa bai kamata a gina masauki ko a fitar da hanya a irin waɗannan wurare ba sai an dubi tsofaffin taswirori.

Taswirorin da ake nufi su ne waɗanda ma'aikatan safiyo suka zana daga hotunan jirgin sama bisa ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a takarda daidai take da kilomita 1 a ƙasa. Layukan tsayi suna bambance tudu da kwari. Inda suka matsu da juna, gangare ne mai tsanani. Akwai kuma alamomin rafuka da fadamu da turakun ƙafa. Idan aka ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam, nan take za a ga fadamar da gine-gine suka cinye, da hanyar ruwan da aka toshe.

Sai dai mai nazari ya yi hattara, domin kuwa ba koyaushe ake gane hubbare ko kufai daga hoton jirgin sama ba. Wannan sai an tambayi dattawan gari.