Ƴar bindiga: kafin mu ci bashi mu shiga sana'ar fulawa

A tarukan asusu na watannin nan magana ɗaya ke ta dawowa, wato sana'ar fulawa. Birnin Maradi na ta faɗaɗa, ana gina sababbin gidaje da otal da ofisoshi, masu su kuma na son ɗan kore a bakin ƙofa. Mu kuwa nan Jiratawa mun san ƙasa, mun san ban ruwa, mun san renon iri. Shi ya sa wasu daga cikinmu sunka fara tambaya ko su ɗauki bashi cikin akwati, su reni fulawa su kai birni. Wadda ta fi ɗaukar ido ita ce wata ƴar shuka mai ƙananan ganye, wadda kan lulluɓe bakin tukunya kamar an shimfiɗa koren zane. Mun bi labarinta, ga abin da munka samo, domin kowace ƙungiya ta san abin da za ta zuba ma kuɗinta.

Wace ce ita?

A littattafan masana sunanta Pilea microphylla. Asalinta ƙasashen Amurka masu zafi da damshi ne, irin su Meziko da tsibiran Karibiyan da Amurka ta Kudu. Daga can masu son fulawa sunka yaɗa ta duniya. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, da yawansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kararta kore ce mai ruwa-ruwa, da ka taɓa da ƙarfi sai ta karye. Ba ta tsawo, galibi ba ta wuce taƙi ɗaya, sai dai ta bazu gefe da gefe.

Sunanta na Ingilishi na nufin shukar igwa, mu kuma a tsakaninmu munka sa mata ƴar bindiga. Dalili shi ne furenta. Tana da fure namiji da fure mace, dukansu ƙanana, sai ka kai ido kusa kake ganinsu. A cikin furen namiji akwai ƴan zaruruwa a lanƙwashe, ɗauke da garin da ke sa shuka ta yi iri. In furen ya nuna, sai zaruruwan su miƙe farat ɗaya su watsa garin sama, ka ga ɗan hayaƙi ya tashi kamar an harba bindigar toka. Iska ce ke kai garin ga furen mace. Ba wuta ba ƙara, kuma ba ta cutar da mai kallo. Yara na son ganin wannan abu, manya ma haka.

Yadda ake renonta

Renonta ba wuya. Ki karyi reshe kamar tsawon yatsa, ki soka cikin ƙasa mai damshi, cikin sati biyu ko uku ya yi saiwa. Ƙasar da take so mai sauƙi ce, rairayi gauraye da takin da ya ruɓe sosai. Tukunyar tilas ta zama da huji a gindi. In ruwa ya kwanta, karar ta ruɓe. In ƙasa ta bushe ƙayau, ganyen su zube. Ki taɓa saman ƙasar da yatsa, in kin ji ta fara bushewa sannan ki ba ta ruwa.

Tana son haske, ba ta son ranar tsaka. Ranar safe ta ishe ta. Gindin mangwaro ko rumfar zana ko inuwar katanga, nan ne wurinta. Ba ta daɗewa da kyanta, bayan wani lokaci sai ta yi dogayen rassa ta ɓaci, sai an sake karya an dasa sabuwa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙasarmu ba irin ƙasarta ba ce. Ruwan sama a nan wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Da hunturu kuma iska na busar da komi, har leɓen mutum na tsagewa, balle ganyen da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wata takwas ko fi na shekara, ƴar bindiga na rayuwa ne da ruwan da kika ɗebo da hannunki, a inuwar da kika yi mata. Ki yi tafiyar biki ko ta'aziyya ta kwana uku da bazara, ba mai ba ta ruwa, ki dawo ki iske tukwane wayam.

Ruwan kuma ba kyauta ba ne. Filin noman rani na Jiratawa, da anka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi da injin lantarki, manoma ke biya. Na pampo a gida ma saye ake. Kowace jarka da ta tafi ga fulawa kuɗi ce, a rubuta ta cikin lissafi.

Lissafin akwati

Tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, yau ana koyi da shi a ƙasashe da dama na duniya. Abin da ya riƙe shi tun farko shi ne bashi kan fita ya dawo da wuri, domin wata ma ta samu. Sana'ar da ta dace da akwati ita ce wadda kuɗinta ke juyawa: ƙuli-ƙuli da mai, fura, dafaffen zogala, kiwon rago kafin Layya. Sai mu auna ƴar bindiga da wannan mudu.

Ga misali. A ce kin ɗauki jika 10, ƙungiyarku kuma na ɗora kashi 10 bisa 100 duk wata. Kin sayi tukwane da taki da zana. Kafin reshe ya cika tukunya har ya yi kyan sayarwa, ki ba shi wata biyu. A lokacin bashinki ya zama jika 12, ba ki sayar da ko ɗaya ba. A ce kowace tukunya ta tafi dala 100. Sai kin sayar da 24 kafin ki fita bashi, ba a sa kuɗin ruwa ba, ba a sa na mota zuwa birni ba, ba a cire waɗanda sunka karye a hanya ba. Kowace ta sa farashin da ta sani a madadin namu, ta ga abin da zai fito.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Sauƙin renon nan da ke burge mu, shi ne ke kashe kasuwar. Hajiyar da ta sayi tukunya ɗaya ba za ta dawo ba. Za ta karya ta yi biyar, ta ba maƙwabciya, maƙwabciya ta ba tata maƙwabciyar. Mai sayen zogala kuwa yau ta ci, gobe ta dawo da kuɗinta. In kuma mu goma munka kai fulawa iri ɗaya bakin hanya ɗaya, kowa ta san yadda farashi zai faɗi. Ko masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Kada ta shiga garka

Gargaɗi na biyu ya shafi kowa, har wadda ba ta da niyyar sayarwa. A ƙasashe masu zafi da dama, masu renon shuka na ɗaukar ƴar bindiga a matsayin haki. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, ruwa na ɗauka, ƙasar tukunya na ɗauka. Guntun da ya faɗi kan damshi ma tsira yake. Haka take bin tukunya zuwa tukunya, ta shiga tsagar siminti da gindin bango. A fili tsakar rana ba za ta jure zafinmu ba. Amma gindin ayaba, da bakin hanyar ruwa mai inuwa, da kwamin da muke renon tumatir da tattasai, duk wurare ne da za ta so. A cikin ledar dashe tana cin ruwa da takin da anka zuba ma ɗan icce, ta ƙara ma mutum aikin cira.

Saboda haka mu bar ta a tukunya, cikin gida. Kada a zubar da tsohuwar ƙasarta a garka ko kan tarin taki. Rassan da kika yanke, ki shanya su a rana su bushe sarai kafin ki zubar. Kuma ado ce kawai, ba ta shiga miya, kada mu sayar ma kowa ita da sunan magani.

Shawararmu

Ba mu ce a bar fulawa ba. Wadda ke sha'awa ta fara da tukunya biyar ko goma daga aljihunta, da tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane, ba tare da taɓa akwati ba. Ta ga ko za su tsallake bazara ɗaya a hannunta. Ta nemi mai saye tun kafin ta yawaita, ko mai otal ne, ko mai sayar da fulawa a birni da zai karɓa da yawa, a yi magana a kan farashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In har za a ɗauki bashi domin renon shuka, gara ƙarfin kuɗin ya tafi ga abin da manoman Jiratawa da Tibiri da Madarunfa ke nema kowace shekara: dashen mangwaro da lemu da gwaiba, irin tumatir da tattasai, da lalle. Fulawa ta zama ƙari a gefe. A cikin na ado ma akwai ƴar gida, wato kariya, mai jan fure, wadda ke jure fari kuma masu son fulawa a duniya ke daraja ta. Sai dai ruwanta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi, duk wadda ta zo neman bashin fulawa, a yi mata tambaya uku a gaban taro: wa zai saya, ina ruwa, yaushe kuɗin zai dawo? In ta amsa su ukun, a ba ta da zuciya ɗaya, a yi mata fatan alheri. In ba ta amsa ba, a ba ta lokaci ta je ta ƙara bincike, kuɗin kuma ya tafi ga ta bayanta a layi. Magatakarda su karanta wannan shafi ga waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba tukuna, a tattauna a taron sati mai zuwa.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya ba mu damana mai kyau.