Cutar Hapis da Haɗarinta ga Masu Juna Biyu

Hapis cuta ce mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura. Ana ɗaukarta ta hanyar sumba ko saduwa, kuma da zarar ta shiga jiki takan laɓe a jijiya, ta riƙa tasowa jefi-jefi.

Ba ta cika tsananta wa babba ba, amma ga jariri takan taɓa ƙwaƙwalwa, har ta kai ga rasa rai. Haɗarin ya fi yawa idan mace ta kamu karon farko a watanni ukun ƙarshe na ciki, domin jikinta bai riga ya samar da garkuwar da za ta ba ɗan ba. Don haka kada kunya ta hana mai ciki faɗa wajen awo. Likita kan ba da maganin asaikulobir daga mako na 36, kuma idan naƙuda ta zo da ƙuraje a gaba, tiyata ta fi aminci.

Ana roƙon dagatai, masu unguwanni da ungozomomi su faɗakar da jama'a cewa mai ƙurji a leɓe kada ya sumbaci jariri, ko da ranar suna ce. Jaririn da ya yi zazzaɓi ko ya ƙi nono, a garzaya da shi asibiti.