Gashin 'Yan Shila da Kabewa

A gidanmu da ke Anka, idan kaka ta yi, za ka ga kabewa jere bisa rufin ɗaki. Yawancin mutane miyar taushe kaɗai suka sani da ita, amma kakata ta koya mini gasa ta tare da 'yan shila, watau 'ya'yan tattabaru da ba su fara tashi ba. Wannan shi ne abincin da muke tarbar baƙo da shi, musamman kawuna idan ya zo daga Gummi.

Ɗan shila yana isa yanka idan ya yi kamar mako 4. Bayan an yanka an fige, sai a babbake shi, a cire kayan ciki, a wanke. Sa'an nan a daka citta da masoro da kanumfari da barkono da gishiri, a kwaɓa da man gyaɗa, a shafe shi ciki da waje.

A nan sai in ja kunnen 'yan'uwana ɗalibai game da turmi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Turmin da ya taɓa dakan dutse, kada a daka yaji a cikinsa ko an wanke.

To, wahalar wannan girki ɗaya ce: kabewa tana da taurin nuna, shi kuwa ɗan shila nan da nan yake bushewa. Ran da na fara gwadawa ni kaɗai, na zuba su lokaci ɗaya. Kafin kabewa ta yi laushi, nama ya zama kamar kilishi. Kawu ya ci bai ce kome ba, amma ni na ji kunya ƙwarai.

Dabarar ita ce a ba kabewa rata. A zaɓi wadda ta ƙosa, mai jan ciki, a yanka manya-manya, a bar ɓawon domin kada ta dagargaje. A shafa mata mai da gishiri, a jera a gindin tukunyar ƙarfe tare da albasa, a rufe, a ɗora bisa garwashi. Ba a son harshen wuta ko kaɗan. Bayan kamar minti 20, sai a ɗora 'yan shilan a kanta, a mayar da murfi, a zuba garwashi bisa murfin. Ta haka zafi zai zo ta sama da ƙasa, kitsen naman kuma ya riƙa ɗiga cikin kabewa. Ni a ganina kabewar nan ta fi naman daɗi.

Bayan rabin sa'a a soki cinya da tsinke. Idan ruwan da ya fito babu jini, ya nuna. In zabo ne ko kaza, tare za a zuba su da kabewa tun farko, domin sun fi ɗan shila jimirin wuta.