Bidiyo Yana Biya Karatu, Amma Ba Ya Karɓar Hadda

Akwai wata magana da ta yaɗu a 'yan shekarun nan, ana jin ta a majalisar samari da bakin 'yan jami'a, har ma da wasu iyayen da kuɗin makaranta ya ishe su: wai yanzu duk mai waya da data ba ya buƙatar malami, tunda babu darasin da ba a ɗora a intanet ba. Masu faɗin haka ba ƙin ilimi suke yi ba. Ɗalibin da ya zauna a gida wata tara a 2020 saboda yajin aikin ASUU, ya sake zaman wata takwas a 2022, kuma ɗan abin da ya ƙaru da shi a tsakani a YouTube ya tsinto shi, idan ya ce zamanin malami ya wuce, sai a yi masa uzuri. Haka ma yaron da ke aji mai mutum ɗari da ɗoriya, wanda daga bencin baya ko muryar malam ba ya ji. Duk da haka ina ganin maganar ta wuce gona da iri, kuma 'ya'yan talakawa za ta fi cutarwa.

Ba na musun arzikin da ke cikin abin. Tun 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta sanar cewa za ta saki kayan darussanta kyauta ga duniya, kuma ta cika alkawari. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, tana koyar da lissafi daga ƙirge har zuwa matakin jami'a ba tare da ko sisi ba. A nan gida, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022. Ga kuma matasanmu da ke warware tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC da Hausa a Facebook da YouTube, Allah ya saka musu da alheri. Wanda ya yi sakandare a lokacin da ake layi a kan littafin kimiyya guda ɗaya a laburare ya san darajar wannan.

Sai dai tambayar ko wannan zai wadatar ba tare da malami ba, an riga an gwada ta, kuma waɗanda suka gwada sun fi mu wuta da intanet. A 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na jami'ar Stanford ga duk mai so. Mutum kusan dubu 160 suka yi rajista, kimanin dubu 23 suka kai ƙarshe. Aka yi ta murna, aka ce jami'o'i sun kusa rufewa. Thrun ya kafa kamfanin Udacity, a 2013 ya haɗa kai da jami'ar San Jose ta jihar Kalifoniya don koyar da lissafi ta intanet a farashi mai rahusa, har da ɗalibai masu rauni. Fiye da rabinsu suka faɗi jarrabawa, cikin 'yan watanni aka dakatar da shirin. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan darussan Harvard da MIT na dandalin edX, inda aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ke kammalawa, kuma yawancin masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. Wani zai ce ai da yawa leƙe kawai suka je yi, ba da niyyar gamawa suka shiga ba. Gaskiya ne. To amma a ƙasar Peru yara ne 'yan firamare na karkara aka raba wa ƙananan kwamfutoci, kowa da tasa, kuma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure. Malam yana biya maka karatu, wannan rabin aikin ne. Gobe kai za ka maimaita a gabansa, ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, kana yin fataha inda ya kamata ka yi kisira sai ka ji ya ce, "Sake." Bai ma buɗe ido ba. Shi ne kuma zai ce ba za ka taɓa Risala ba sai ka sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ko da kana ganin kanka ka isa. Shekara da shekaru ana sa tafsiri a Rediyon Kaduna, kaset ya zo ya cika kasuwa, jama'a sun ƙaru ƙwarai, amma ba a rufe zaure ko ɗaya saboda haka ba, kuma babu wanda ya zama malamin fiƙihu da sauraron kaset kaɗai. Bidiyon intanet ya iya biyawa, wani lokaci ma ya fi malamin ajinku iya bayani. Karɓar hadda ce ba ya yi.

Ku lura da yarinyar da ke shirin WAEC, tana kwance a kan tabarma da wayar yayanta, tana kallon yadda ake warware lissafi mai x da y. Mai bidiyon yana tafiya sumul, tana gyaɗa kai, komai ya fito fili. Ta kalli na biyu, ta kalli na uku, ta tashi tana jin ta gane. Ka karɓe wayar, ka miƙa mata farar takarda da tambaya irin wadda ta gani, lamba kawai aka canza. A layi na biyu za ta tsaya, domin idan ta tsallakar da lamba zuwa ɗaya gefen, mantawa take ta juya alamarta, kuma wannan ciwon tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare take ɗauke da shi. Mai bidiyon bai san da ita ba, balle ciwonta. Ita ma ba ta san sunan abin da ke damunta ba, to me za ta rubuta ta nema? Malamin da ya duba littafinta na minti biyu zai sa jan biro a daidai wurin. Akwai manhajojin da ke ba da tambayoyi su kuma yi maki, suna da amfani, amma yaron da ya faɗi sau uku a jere rufe manhajar yake yi ya koma TikTok, ba kuwa wanda zai tambaye shi dalili.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce ta masu koyon sana'a: ga wane, a YouTube ya koyi gyaran waya, yanzu har ya yi aure da ita. Ina jin daɗin irin wannan labari. Amma a je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a duba inda wanen yake zaune. Yana gefen maigidansa ne, ko cikin abokan sana'a da zai miƙa wa waya ya ce, "Duba min nan, na canza fuska amma ta ƙi kawo wuta." Bidiyon ya nuna masa inda zai sa hannu, wanda ke kusa da shi ne ya hana shi ƙona wayar mutane. Waɗanda kuma suka koyi rubuta manhaja su kaɗai a ɗaki, in ka bincika za ka tarar sun iya Turanci da lissafi tun kafin su fara, wato wani malami ya riga ya yi musu sharar gona. Yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba, ba shi da ƙofar shiga wannan taska ko an ba shi data kyauta. Shi ya sa na ce ɗan talaka maganar za ta kayar: mai hali zai saya wa ɗansa waya, ya kuma ɗaukar masa malamin lesin.

Shi kansa Salman Khan da koyar da wata 'yar uwarsa ya fara a 2004, yana bin kurakuranta ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2014, bayan bidiyonsa sun zagaye duniya, sai ya buɗe makaranta mai gini da malamai a Kalifoniya.

Saboda haka, 'yan uwana malamai, ku daina kallon wayar nan a matsayin kishiya. Ku zaɓo bidiyon da ya dace da manhajar karatunmu, ku tura wa ɗalibai su kalla a gida, lokacin aji kuma ku kashe shi wajen duba aikinsu. Iyaye kuma, in kun saya wa yaro data don karatu, ku nemi wanda zai riƙa zama da shi ko sau ɗaya ne a mako, malamin makarantarsu ko wani yayansa da ya yi gaba, ya ba shi takarda da biro ya ce ya yi a gabansa.