Asalin Tutocin Ƙasashen Musulmi da Ma'anar Alamominsu

A tarihin ƙasar Hausa, idan aka ce wane ya karɓo tuta, an san abin da ake nufi: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba shi izinin jagorancin jihadi a yankinsa, kamar yadda Malam Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gombe da Modibbo Adama suka karɓa. Irin wannan tuta ta shugaba ce da rundunarsa. Ita kuwa tutar ƙasa, wadda doka ta ƙayyade launinta da girmanta, ake kafa ta a makarantu da ofisoshin gwamnati, baƙuwa ce, domin a ƙasashen Musulmi ba ta wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai ba. Yana da kyau malamin makaranta ya riƙe wannan bambanci, saboda ɗalibai sukan ɗauka jinjirin wata da tauraro tun zamanin Annabi (S.A.W.) suke a jikin tutar Musulmi, alhali kuwa tarihi bai nuna haka ba.

Littattafan sira sun ambaci tutoci iri biyu a zamanin Manzon Allah (S.A.W.), wato raya, wadda aka ruwaito baƙa ce, da liwa'u, wadda aka ruwaito fara ce. Riƙon tuta amana ce babba, don faɗuwarta na iya watsa runduna. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira (629 Miladiyya), Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta har ya yi shahada, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karɓa, sannan Abdullahi ɗan Rawaha, kafin ta kai hannun Halidu ɗan Walidu.

Daga baya launi ya zama alamar gidan sarauta. Ana danganta fari da Banu Umayya. A shekarar 747 Abu Muslim ya ɗaga baƙaƙen tutoci a Hurasan, cikin shekara uku mulki ya koma hannun Abbasiyawa, baƙi ya zama launin tutarsu da tufafin fadawansu. Abin da zai nuna nauyin wannan al'amari shi ne, a 817 Halifa Ma'amun ya naɗa Aliyu Rida, jikan gidan Sayyidina Ali, magajinsa, ya kuma umarci a bar baƙi a koma kore. Danginsa na Bagadaza suka yi masa tawaye, a 819 ya komo da baƙin. Kore dai ana jingina shi ga zuriyar Sayyidina Ali, wasu kuma su ce na Faɗimiyawan Masar ne, kodayake masana da dama sun nuna cewa fari ne launin sarautar Faɗimiyawa a zamaninsu.

Jinjirin wata da tauraro sun girmi Musulunci. An same su a jikin kuɗin tsohon birnin Bizantiyum da na sarakunan Farisa. Wadda ta yaɗa su ita ce Daular Usmaniyya ta Turkiyya (kada a rikita ta da ta Sakkwato, wadda mu ma muke kira da wannan suna). A ƙarshen ƙarni na 18 jiragen ruwanta suka fara ɗaga jar tuta mai farin wata da tauraro, a 1844 kuma aka tabbatar da ita tutar daula. Da yake Sarkin Santambul shi ne ake kallo a matsayin halifa, sai Turawa da Musulmi duka suka riƙa ɗaukar alamar daularsa a matsayin alamar addini. Tunisiya ta ɗauke ta tun wajen 1830, lokacin tana ƙarƙashin inuwar Turkawa. Pakistan ta sa ta a 1947 bisa koren ƙyalle mai nuni ga Musulmi, da farin gefe domin mabiya sauran addinai. Aljeriya da Malesiya da Muritaniya ma suna da ita. Hatta sunan ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar daga can ya taso, lokacin yaƙin Turkawa da Rasha na 1877.

Tushe na biyu, abin mamaki, tawaye ne ga Turkawan. A 1916 Sharif Husaini na Makka ya ɗaga wa daular takobi da goyon bayan Ingila, aka yi wa rundunarsa tuta mai baƙi da kore da fari, da jan kusurwa uku a gefen sanda. Aka fassara baƙi da Abbasiyawa, fari da Banu Umayya, kore da Faɗimiyawa, ja kuma da gidan Sharifan kansu, Banu Hashim. Manufar ita ce a tuna wa Larabawa daulolin da suka yi kafin Turkawa, saboda haka tuta ce ta kishin Larabci. Daga gare ta tutocin Jodan da Falasɗinu suka fito. Ta Jodan tana da tauraro mai tsini bakwai, wanda ake fassarawa da ayoyin Fatiha. Bayan juyin mulkin 1952 sojojin Masar suka zo da ja da fari da baƙi, Iraƙi da Yaman suka bi, Sudan ma ta bi a 1970. A nan ne ake ganin yadda tuta take bin mai mulki. Gaddafi ya mai da ta Libiya kore zalla a 1977, aka jefar da ita a 2011. Siriya ma, bayan faɗuwar gwamnatin Asad a Disamba 2024, ta koma tsohuwar tutarta mai kore da fari da baƙi da jajayen taurari uku.

Tutocin da suke ɗauke da kalmomin addini 'yan kaɗan ne. Ta Saudiyya kore ce, da kalmar shahada da takobi, an daidaita fasalinta na yanzu a 1973. Saboda girman kalmar ba a sassauto da ita rabin sanda ko da sarki ne ya rasu, kuma ana ɗinka ta fuska biyu don rubutun ya karantu daidai ta kowane ɓangare. Wannan ne ya sa hukumomin ƙasar suka sha ƙin yarda a buga ta a jikin ƙwallo. Iran ta rubuta kabbara sau 22 a tutarta a 1980, don tuna ranar 22 ga watansu na Bahman, ranar nasarar juyin 1979. Iraƙi ta ƙara kabbara a 1991, tana gab da yaƙin Tekun Fasha.

Akwai kuma ƙasashen da ba su bi ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba. Indonesiya, mai miliyoyin Musulmi fiye da ɗari biyu, ja da fari kawai ta ɗauka a 1945, launukan da ake dangantawa da tsohuwar daular Majapahit wadda ta gabaci yaɗuwar Musulunci a tsibirin Jawa. Maƙwabciyarmu Nijar, a tutar da ta ɗauka a 1959, ƙasarta ta zana: ruwan goro a sama domin hamadar arewa, kore a ƙasa domin gonakin kudu, da rana a tsakiyar farin.