Kaluluwar Wuya Ba Duka Ce Ta Wanzami Ba

Daga wakilinmu na Arewa, Jos

Duk wanda ke sauke gwari a Mile 12 ta Ikko ya san Farin Gada, inda ake lodin tumatir da kabeji da karas zuwa Kudu. To, 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako masu bin wannan hanya, ku ne muke wa wannan magana.

Akwai wata sankara da ke tsirowa can bayan hanci, daidai saman maƙogwaro, inda ido ba ya kaiwa. Takan fara da toshewar hanci, ko haɓo, ko kunne ɗaya ya dode. Daga nan sai kaluluwa ta fito a wuya, ba zafi. Rashin zafin nan shi ke cutar mutanenmu. Sai a tafi wurin wanzami a yi sakiya, a sha jiƙo wata da watanni, a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan abu ya yi nisa.

Likitoci sun danganta ciwon da wata ƙwayar cuta, Epstein-Barr, wadda aka gano a Ingila a 1964. Kusan kowane baligi na ɗauke da ita ba tare da ta yi masa kome ba. A jikin 'yan kaɗan ne take rikita ƙwayoyin nama. Shan taba da ƙurar katako na ƙara hatsari.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne, mutum biyu su zo da kumburi iri ɗaya, a yi musu magani ɗaya, wannan ya tashi, wancan ciwon ya dawo masa. Shi ya sa ake duba furotin cikin ɗan naman da aka yanko. Akwai LMP1, wanda ƙwayar cutar ke yi don zuga nama ya yi ta hayayyafa. Akwai EGFR da Ki-67. Inda suka yi yawa, galibi ciwon ya fi taurin kai. Amma fa har yanzu nisan da ciwon ya yi shi ne babban ma'aunin likita.

Gwajin jini ma ya nuna amfaninsa. A 2017 masana a Hong Kong sun ba da rahoton auna maza 20,174 masu kama da lafiyayyu, aka sami 34 da ciwon, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na waɗannan yana farko-farko.

Maganinsa gashi ne da hasken na'ura, sau da yawa haɗe da allurai, domin wurin yana da wuyar fiɗa. Ana yi a Shika ta Zariya da Abuja. Ku da ke Kudu kuwa, ga asibitin UCH na Badun, ga na LUTH a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka cika. Kaluluwar da ta wuce mako uku ba ta saɓe ba, a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa bayan hancin.