Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Yadda Ake Rabon Maki A Wasannin Jarumta Na Intanet

Akwai wani irin wasan kwamfuta wanda dubban mutane ke shiga a lokaci guda ta hanyar intanet, kowa daga ɗakinsa, wani a Ikko, wani a Landan, wani a can Koriya. Kowane ɗan wasa yana da jarumi guda wanda ke wakiltarsa cikin wata duniya ta ƙage, mai cike da dodanni da koguna da taskokin dukiya. Magidanci a Agege ko a Sabo ta Badun, in ya ga ɗansa ya ƙura wa allo ido yana ƙidaya da yatsu, zai ɗauka shiririta ce kawai. Amma fa yaron shawara yake yankewa, wadda in ya kuskure ta, aikin watanni ne zai tafi a banza.

Asalin abin ya girmi intanet. A cikin shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir. A nan ne aka auna jarumi da siffofi shida, watau ƙarfi, hazaƙa, hikima, juriya, zafin nama da kwarjini, kowace siffa daga 3 zuwa 18. Sa'an nan aka ba shi sana'a: ko mayaƙi, ko mai sihiri, ko kuwa na uku wanda ke iya ɗaukar makami kuma yana warkar da rauni. Wannan na ukun shi ne kakan abin da za a iya kira jarumi ruwa-biyu, watau mai haɗa sana'a fiye da ɗaya.

Da wasannin suka koma kan intanet, sai rabon makin ya dawo hannun ɗan wasa. Alal misali, wasan Ragnarok Online, wanda kamfanin Gravity na Koriya ta Kudu ya fitar a 2002, yana ba jarumi maki duk sa'ad da ya hau sabon mataki, shi kuwa mai shi ya raba su tsakanin siffofi shida, har da sa'a. Amma an ɗana tarko a ciki. Ɗaga siffa daga 1 zuwa 2 maki 2 ne kacal, ɗaga ta daga 98 zuwa 99 kuwa sai an biya maki 11. Ke nan duk wanda ya nufi ƙololuwa a siffa ɗaya, tilas ya bar wasu da yunwa. Wanda kuma ya yayyafa makinsa ko'ina don kada ya rasa komai, sai ya wayi gari da jarumin da ba ya sara da ƙarfi, ba ya jure duka, ba ya kuma warkar da kowa yadda ya kamata.

Dalilin da ya sa wannan ya zama babbar magana shi ne, ba mutum ɗaya ke kashe babban dodo ba. A taru ake yi, kuma aikin ya kasu kashi uku. Akwai garkuwa, mai tsayawa gaba yana shan duka domin dodo kada ya juya kan sauran. Akwai mai magani, wanda ke tsaye a baya yana mayar wa garkuwa da lafiyarsa. Sa'an nan akwai masu sara, waɗanda aikinsu kawai su kashe dodon kafin mai magani ya gaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to amma kowane hannu sai ya san gefen da zai kama.

Babu inda rigimar ruwa-biyu ta fito fili kamar a World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na jihar Kalifoniya ta Amurka ya buɗe cikin watan Nuwamba na 2004, wanda kuma ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a shekarar 2010. An fara shi da sana'o'i tara. Uku daga ciki, watau Faladin da Shaman da Duruwid, su ne aka fi sani da zama ruwa-biyu. Duruwid, ga misali, yana iya rikiɗa ya zama dabbar beya ya tsaya garkuwa, ya rikiɗa ya zama kyanwar daji ya yi sara, ko ya tsaya a siffarsa ya yi magani.

A ido abin sha'awa ne, amma lissafi ya hana. A wancan lokaci matakin ƙarshe shi ne 60, kuma daga mataki na 10 ake samun maki ɗaya a kowane hawa, jimla 51. Kowace sana'a tana da rassa uku, kuma babbar baiwar da ke ƙarshen reshe ba ta samuwa sai an zuba maki 30 a cikinsa, a saye ta da na 31. Saura 20 ke nan, ba za su kai mutum ƙarshen reshe na biyu ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka a manyan farmaki irin na kogon Molten Core, inda ake shiga mutum 40, shugabannin ƙungiyoyi suka riƙa ba mayaƙi aikin garkuwa, su ba 'yan sari-ka-noƙe da masu sihiri aikin sara, su ce wa ruwa-biyu ya koma baya ya yi magani ko ya zauna a gida. Faladin da ya shiga wasan da burin ɗaga guduma sai ya sami kansa yana bin mutane yana sabunta masu albarkar da minti 5 kawai take yi ta ƙare. Daga baya 'yan wasa suka laƙaba wa wannan ragi suna, suka kira shi harajin ruwa-biyu, watau ƙarancin ƙarfin sara da ake ɗora wa mai iya aiki da yawa domin kada mai sana'a ɗaya tak ya rasa amfani.

Duk da haka ba a iya yin watsi da su ba. Duruwid ne kaɗai a lokacin ke iya tayar da abokin da ya faɗi alhali ana tsakiyar faɗa, sau ɗaya cikin minti 30. In garkuwa ya faɗi a ƙaramin ayari na mutum biyar, ruwa-biyu ne ke iya tare gaba na ɗan lokaci har a farfaɗo. Darajarsa ba ta bayyana sai ranar da shiri ya rushe.

Gyaran kuskure kuwa da tsada yake. A farkon wasan, goge maki don a sake rabo zinariya 1 ce ta wasa a karon farko, sai 5, sai 10, har ta tsaya a 50, alhali mutum yana biyan kusan dala 15 ta gaske kowane wata. Sai a 2009 kamfanin ya ba da damar riƙe tsari biyu a jarumi ɗaya, a kan zinariya 1,000. A 2012 ya soke rassan gaba ɗaya, a 2022 kuma ya dawo da su cikin sabon fasali. Wannan kai-da-kawowa ya nuna cewa su kansu masu ƙera wasan sun daɗe suna fama da tambayar.

A wasan Old School RuneScape na kamfanin Jagex da ke Kambirij ta Ingila, wanda ya sauka kan wayar hannu a 2018, babu ma hanyar gogewa. Wasu 'yan wasa da gangan suke barin kariyar jaruminsu a mataki na 1, su zuba himma a ƙarfi, domin wasan ya lissafa su cikin ƙanana alhali saransu na manya ne. In mutum ya danna salon faɗa ba daidai ba har kariyar ta hau, ba ta saukowa, sai dai ya haƙura ko ya fara sabon jarumi daga tushe.

Abin lura ga mai shirin shiga shi ne ya fara tambayar kansa da su wa zai yi wasan. Wanda ke da abokai tsayayyu, ya duba gurbin da babu kowa ya cike shi, ya kuma bi reshe ɗaya har ƙarshensa. Wanda yawanci shi kaɗai yake yawo, ko wanda wutar lantarki da kuɗin data ba sa barinsa ya cika alkawarin lokaci da ƙungiya, ruwa-biyu ya fi masa, domin yana iya sara ya kuma yi wa kansa magani. Amma ko shi ɗin, ya zaɓi babbar sana'a guda ya ba ta kaso mafi tsoka, ta biyu ta zama guzuri. Kafin kuma ya danna makin farko, ya bincika ko wasan yana yarda a goge, da kuma nawa ake biya.